Jan kai ya kashe wa Yaya Sani kasuwa

Jama'a, yau motar yayana ta ɗauki fasinja ba da saninta ba!

Kun san tsohuwar baƙar motar Jamus ɗin da Yaya Sani yake wankewa fiye da jikinsa? Zai sayar da ita. Don ta ƙara tsada sai ya sa aka yi mata farin fenti, aka manna jar leda a rufinta, wai haka ya gani a waya.

Yau mai saye ya zo, wani Elhaji daga Maraɗi. Ya karɓi tuƙi don ya gwada ta, Yaya na gefe, ni ina baya. Muna tsayawa a shataletalen Gaweye sai ƙofa ta buɗe! Wata tanti ta shigo da kwanon kifi, ta ture ni da ƙugu.

Ta gai da direba: “Fofo, shofer. Kai ni unguwar Lamorde.”

Yaya ya ce, “Tanti, wannan ba taksi ba ce!”

Ta leƙa waje ta dubi rufin. “Fara mai jan kai, a Yamai? Ɗana, kar ka ɓata mini lokaci.”

Wallahi sai a lokacin muka gane fentin taksin garin ne Yaya ya yi wa motar! Elhaji ya ja mota, ya tsallaka gada, ya sauke ta. Ta miƙa masa kuɗin mota. Ya juya ya danƙa wa Yaya.

“Ga ribar fentinka. Ni baƙar da na gani a hoto na zo saya.”

Yanzu haka Yaya na kan rufi yana ɓare ledar da farce, mota kuma sai ƙarnin kifi.