Tabarmar da Aka Shimfiɗa a Juye

Shekara arba'in da biyu Pan Rideg ya yi yana ɗori a ƙauyensu da ke gindin tsaunin Agung, a tsibirin Bali, bai taɓa ce wa kowa dama ko hagu ba. Duk wanda aka kawo masa da karaya ko targaɗe, kwantar da shi ake yi kansa wajen tsauni, ƙafafunsa wajen teku, yadda kowane mai hankali yake kwanciya. Daga nan jiki ya zama gari a wurinsa: wuya yana wajen tsauni, idon sawu wajen teku, wannan haƙarƙari gabas, wancan yamma.

Da shanyewar jiki ta kashe masa hannuwa, ganinsa kuma ya dushe, sai 'yarsa Luh Kerti, ma'aikaciyar jinya, ta kai shi ɗakinta na bene a birnin Denpasar. Buri ɗaya ya rage masa: ya zuba sana'ar a hannunta kafin ya mutu a ƙona gawarsa bisa al'adarsu, sana'ar ta tafi tare da shi.

Wata rana da hantsi aka hawo da wani ɗan dako, Gede Rauh, kafaɗarsa ta goce. Luh ta shimfiɗa masa tabarma tsakanin gado da ƙofa.

"Tsoho, an ce ƙashi yana jin maganarka," in ji Gede, yana cije leɓe.

"Ya fi masu shi kunne. Luh, kama masa gwiwar hannu, ki karkata ta gabas."

"Baba, wajen ƙirji ko nesa da ƙirji? Mu haka aka koya mana."

"Malaman naku a cikin tulu suka girma? Na ce gabas!"

Luh ta san gabas sarai, don ta nan rana take leƙo mata kowace safiya. Ta karkata hannun can da ƙarfinta. Gede ya ƙwalla ƙarar da ta fito da maƙwabta, wani abu ya ce ƙas a kafaɗar.

Tsohon ya juyo da kai wajen ƙarar. Ya tambaya a hankali, "Ina kansa yake?"

"Wajen ƙofa, Baba."

"Ƙofar wajen me take?"

"Wajen teku."

"Wa yake kwantar da mai rai kansa wajen teku?"

"Haka kaɗai tabarmar take shiga ɗakin nan."

Juyewar kwanciyar ta sa gefen da tsohon yake kira gabas a jikin Gede ya koma yamma. Pan Rideg bai taɓa kawo wa ransa cewa sai an tambayi wannan ba. An kai Gede asibiti, hannun kuwa bai sake ɗaga buhu ba. Luh ta rantse ba za ta ƙara taɓa ƙashin kowa ba.

Har yanzu mutanen ƙauye sukan biyo sawunsa da masu karaya. Luh takan tare su a matakala ta ce babu maɗori a gidan. Pan Rideg yana jin ta daga kan gado, bai taɓa ƙaryata ta ba.