Ranar da Muka Jira Doki a Bakin Ruwa

Shekarun baya, lokacin ƙanena yana da rai, shi ke tuƙa jirgin da ke kai mutanen ƙauyenmu kasuwar Yelwa. Ƙauyen namu yana bakin tafki ta ɓangaren Ngaski, kuma da damina ruwa ya fi mana hanyar mota sauƙi. Ni kifi banda nake sayarwa. A bakin ruwa aka haife ni, amma har yau ban iya iyo ba. Ƙanena yakan ce ko a randa na faɗa sai an kira masunta.

Yadda ake lodi a tasharmu shi ne, duk wanda ya gama cin kasuwa sai ya kawo kayansa a shirya su a jirgi, masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama, a rufe da tamfol a ɗaure. Da zarar buhunka ya shiga ƙasa, kai da wannan jirgin ke nan. Ba ka da halin canzawa sai an kwance kayan kowa. Kuma da damina ba a bari la'asar ta riski jirgi a tasha, domin da yamma iska ke tasowa, ga kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun da aka yi madatsa, suna nan tsaye a ƙasa.

Ranar da nake ba ku labari, da mahaifiyata muka je, ta kai idonta a duba mata. Kafin azahar an gama lodi. Muka yi salla, kowa ya samu wuri ya zauna. Sauran jirage suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya. Namu ba direba.

Inna ta ce, "Ina Auta ya shiga?"

Na ce ya tafi sayo man inji.

"Tun azahar? Haƙowa shi kai?"

Mata suka yi dariya. Dattijon da ke kula da tashar bai yi ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Je ka gidan kallon da ke bayan masu walda. Kuma kafin ka tafi, dubi gabas." Na duba. Hadari ya fara haɗowa, ƙasansa baƙi.

Ban taɓa shiga wurin ba. Ɗaki ne mai duhu, da benci da talabijin, kuma ba ƙwallo ake kallo ba. Dawaki ne suke gudu a kan ciyawa a wata ƙasa mai nisa. Ƙanena yana bencin gaba, riƙe da wata 'yar takarda.

Mai shagon ya ɗauka sabon ciniki ya samu. Ya ce, "Malam, zo in koya maka. Nan ba doki ɗaya ake bi ba, jere ne. Tsere shida. Ka zaɓi wanda zai zo na ɗaya a kowanne. Kuɗin shiga bai kai na kwanon shinkafa ba. In ba wanda ya ci duka shidan, sai a ɗora kuɗin kan na mako mai zuwa. An daɗe ana ɗorawa, yanzu ya kai a sayi sabon jirgi da injinsa."

Daga baya na zauna na yi ta tunanin wannan tsari. Tseren farko da na biyu, dawakin da kowa ya sani ake sakawa, don kusan kowa ya wuce. Tsakanin tsere da tsere akwai jira. Na ƙarshe kuwa shi ne mai tarin dawaki, wanda ba mai iya cewa ga wanda zai zo. Masu filin sun san wanda ya faɗi da wuri gida yake tafiya. Wanda takardarsa ke da rai shi ne ba ya iya tashi. Kuma da agogon ƙasarsu suka tsara shi, ba su san da iskar tafkinmu ba.

Na dafa kafaɗar ƙanena. Bai juyo ba.

"Yaya, huɗu sun shigo. Saura biyu."

"Inna na cikin jirgi."

"Na sani."

"Hadari ya haɗo."

"Na fi hadarin sanin ruwan ga."

Na ce masa ai ko yana nan ko ba ya nan, abin da ke jikin takardar ba zai canza ba, ya dawo wani makon ya duba. Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Ya ce, "In na tashi, sa'ar ta tashi." Ya ƙara damƙe takardar a hannunsa. Wannan hannun ne na sha gani yana riƙe da inji cikin iska, ko gezau.

Aka saki na biyar. Ni da na zo kira, sai ga ni ina tambayar na kusa da ni wanne ne namu. Namu ya zo na ɗaya. Ɗakin ya ruɗe, kowa yana son ya taɓa shi. Mai shago ya ce na'urar cacar ta yi tayin sayen takardar yanzu, a ba shi ɗan wani abu ya tafi. Mutane suka ce kada ya kuskura, saura ɗaya fa. Ina tsaye na ji kiran la'asar.

A tsere na shida dokinsa na uku ya zo. Kafin ya miƙe, mai shago ya sa masa wata takarda a hannu. Ya ce duk wanda ya ci biyar ana ba shi shigar mako mai zuwa kyauta.

Da muka iso tasha, iska ta fara kaɗa tamfol. Dattijon nan ya ce, "Ku kwana nan." Wasu sun so hakan. Amma kayan kowa suna ƙasan na wani, ba wani jirgin, kuma akwai matan da suka baro masu shan nono a gida. Ƙanena ya ce, "Baba, kafin hadarin shi sauko mun ƙetare." Muka shiga.

Ba zan tsawaita abin da ya faru a tsakiyar ruwa ba, don har yanzu ba na son faɗarsa. Gaɓa ta ɓace mana gaba da baya. Ruwan sama yana dukan fuska ta gefe, na tafki yana shigowa ta baki. Duk mai kwano ko roba ya kama kwarfewa. Sai muka ji wani ƙara daga ƙasa, jirgin ya yi tsalle, inji ya mutu. Farfela ce ta daki kututture. Jirgi ya juya ya ba igiyar ruwa haƙarƙarinsa.

Inna ta riƙe wuyan hannuna. Ba ta yi kuka ba, salati kawai take yi. Ta san a cikin 'ya'yanta ni ne ban iya iyo ba. Ƙanena ya yanke igiyar tamfol ya ce a zubar da kaya. Kwandunan ragowar kifina ne a sama, su suka fara tafiya. Sannan buhunan gishiri, da shinkafar mutane, da keken ɗinkin da wata mata ta saya a ranar. Ya ɗauki gora shi da wasu maza, suka yi ta fama har Allah ya sa muka dangana da wani tsibiri na masunta. Ba wanda ya rasa ransa.

Ruwa ya ɗauke kafin rana ta faɗi. Mutane suna zaune a kan yashi, wasu suna amai, wasu suna sujada. Na waiwaya neman ƙanena don in ce masa sannu. Na same shi a bayan jirgi, ya ba mutane baya. Ya cire hularsa, ya fito da wani ƙullin leda, ya kwance a hankali. Takardar kyautar nan ce yake dubawa, ko ta jiƙe.

Na ji tsoro a cikin ruwa. Amma tsoron da ya shige ni a wannan lokacin ya fi shi, kuma shi ne bai fita ba.

Inna ta yi masa magana a gida, ya rantse mata ya bari. Ni ma na yi masa. Mutane dai suka daina shiga jirginsa, ya koma dakon kaya zalla, shi kaɗai. Damina ba ta ƙare ba, wata ranar kasuwa ya taso da siminti bayan la'asar. Jirgin aka fara gani. Shi sai daga baya masunta suka kawo mana shi. Ban san inda ya yini ba a ranar. Ban tambayi dattijon tasha ba, ko da ya zo gaisuwa. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa. Yaro ne mai kirki, bai taɓa karɓar kuɗin jirgi a hannun tsohuwa ba.

Yanzu ma ba sai an je gidan kallo ba, abin yana cikin waya. Idan na ji matashi ya ce wa abokinsa saura ɗaya, sai in tuna da ƙanena. Ba na yi musu wa'azi, ban iya ba. Abin da na gane kawai shi ne, wanda ya faɗi tun a tseren farko an yi masa rahama. Wanda ya kusa ci shi ne abin ji wa tsoro.

Har yau ina zuwa kasuwar Yelwa ta ruwa, don ba ni da wata sana'ar. Sai dai ba na yarda a sa kayana ƙarƙashin tamfol. Kwandona yana gaban ƙafata a kan gaɓa, har sai na ga direba ya zauna ya tayar da inji. Masu lodi suna yi mini dariya, suna cewa ga mai gadin kwando ya iso. Nakan yi dariyar tare da su, idona yana gabas.