Gaisuwar da ta kusa cinye mini murya

Jama'a, kwana biyu. 'Yata Hajara ce ke rubutawa, ni ke faɗa, don ban yi boko ba. Kun dame ni da tambayar inda na samo wannan murya mai kaushi. Shekaru ina ɓoyewa, yau za ku ji.

Lokacin da kuɗin mai ya cika gari, ni ne mawaƙin wani otel a Sabon Gari. Waƙoƙin Turawa, sol da jaz, nake yi, da Turancin da na haddace daga faifai ba tare da na san ma'anarsa ba. Mutane na rawa har gumi.

Sai murya ta fara dishewa. Na sha zuma da citta, na ci gaba. Wata huɗu ina taurin kai. Ran wata Asabar, ana tsakiyar waƙa, na buɗe baki sai iska.

A asibiti likita ya zura ɗan madubi a maƙogwarona, ya ce tsiro ne. Aka yi aiki, aka kai abin gwaji. Sati biyu abinci ba ya shiga, ina tsoron ciwon daji. Da sakamako ya fito, ba shi ba ne. Alhamdulillahi.

Likita ya ce, "Sati uku ko raɗa ban yarda ba. Abin da kake so, ka rubuta."

Ni da rubutu?

Na koma gida Wudil, 'yan dubiya suka yi ta zuwa daga Darki da Lajawa. Rana ta uku Kawu Sale ya zo daga Kausani. Ƙanin uwa ya gaishe ka, ka yi shiru? Na amsa, har gona da shanu na tambaya. Kafin la'asar ina tofar da jini.

Aka mayar da ni asibiti, likita ya duba ya ce, "Gaisuwa ɗaya ta rage maka. Ka ƙara, ka nemi wata sana'a."

Nan Yaya Asabe, wadda nake bi, ta shimfiɗa tabarma a bakin ɗakina, ta karɓe gaisuwar.

Kawu ya dawo. "Ya jiki?"

"Ya ce da sauƙi, Kawu."

"Ban ji ya ce ba."

"Kunnenka ne ya tsufa."

Ya tafi yana cewa waƙar Turawa ta sa ni girman kai. Ina ji, na ciji bargo.

Da wa'adi ya cika, likita ya ce in gwada. Muryar da ta fito ba tawa ta da ba ce, ta yi kauri, ta yi kaushi. Na tsorata. Mai busa mana ƙaho a otel kuwa, da ya raka ni, ya daka tsalle, ya ce, "Da can kwaikwayo kake, yanzu ka zama mawaƙi!" Shekara goma sha ɗaya na ƙara a kan dandamali.

Na gode wa Allah, na gode wa likitan nan. Yaya Asabe, Allah ya haskaka kabarinki.

Murya in ta daɗe a dishe, zuma ba likita ba ce, a je asibiti. Ku kuma masu dubiya, in marar lafiya bai amsa ba, ku yi masa addu'a ku ɗauki takalmanku.