Mai Ba Da Waƙa a Kwanar Dangora

Tana zaune a kan benci a tashar Kwanar Dangora, tsohuwa ce siririya, ɗaure da zanen zumuntar matan coci wanda ya koɗe. Akwai tabon aiki a maƙogwaronta, tana yawan kai hannu wurin. Ina jin asibiti za ta koma Kano.

Sai ga wata budurwa ta durƙusa a gabanta. "Sannu da jiki, Mama Asabe. Tun da kika daina ba mu waƙa, sujada a coci ta yi sanyi."

Tsohuwar tana magana, amma sai na matso nake jin ta, don muryar ta dushe ƙwarai. "Fasto ya ce baiwa iri-iri ce, Ruhu ɗaya ne. In na warke, ko shara na riƙa yi muku."

Ta numfasa da ƙyar. "Wa ke ba da waƙa yanzu?"

"Ba kowa, Mama. A waya muke kunnawa."

Tsohuwar ta kau da kai. Tana kallon titi, hawaye na gangaro mata, har ɗan kamasho ya kira fasinjojin Kano sau biyu ba ta ji ba.