Inna Saude da Akwatin Amsa Waya

A layinmu na Tudun Wada, a Gusau, gida ɗaya ne ke da tarho a shekarun da wayar hannu ba ta zo ba: gidan Inna Saude. Mijinta, Malam Yakubu, akawu ne a masaƙa, shi ya sa aka ja masa waya har falo. Da ya rasu tarhon ya zauna inda yake, kan ɗan teburi, an rufa masa ƙyalle mai saƙar hannu. Ita kuma ta ci gaba da sana'arta ta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a tsakar gida.

Kowa a layin lambar gidanta ya ba danginsa. Mai ɗa a Kaduna, mai miji a Legas, mai 'yar'uwa a Sakkwato, duk nan ake nemansu. Da tarhon ya yi ƙara sai ta tsame hannu daga tunkuza, ta goge a gefen zani, ta ɗauka. Sai ta gaisa da mai kiran sosai, ta tambaye shi aiki da gajiya da ruwan garinsu, sannan ta yafa mayafi ta tafi kiran wanda ake nema.

Sannu a hankali ta daina fita. Ita 'yar 'Yandoto ce, can wajen Tsafe, inda yayanta Dogo ke noma gonar gado. Ƙanwarta Huseina kuma tana aure a Bungudu. Amma ko suna aka yi ko biki, in ta je ba ta zama. Ana cikin raba waina za ta fara neman takalmanta, tana cewa kada a kira wani ba ta nan.

Ɗanta Bashar direban babbar mota ne, yana kai hatsi kudu. Abin ya dame shi. Wata dawowa da ya yi daga Legas sai ya shigo da kwali a hammata, ya fito da wani baƙin akwati mai kama da ƙaramar rikoda.

"Mine ne wanga kuma?" in ji Inna.

"Mai amsa miki waya ne, Inna. In ba ki nan shi zai ɗauka, ya riƙe saƙon har ki dawo."

Ya durƙusa bayan teburin, ya zare igiyar tarho daga bango ya soka ta a bayan akwatin, ya ɗauko wata gajera ya haɗa akwatin da tarhon. Soket ɗaya ne a falon, fanka ce a kai, sai da ya fita ya sayo mai baki uku. Ya saka wani ɗan kaset da bai fi kwalin ashana ba, ya rufe murfin. Wata 'yar jar fitila ta kama.

Wajen ɗaukar murya aka sha fama. Bashar ya ce in ya danna maɓalli ta faɗi cewa ba ta nan, a bar saƙo bayan an ji ƙara. Ya danna. Inna ta gyara ɗaurin kallabi, ta matso, ta yi sallama, ta yi shiru.

"Ci gaba, Inna."

"Ai ba a amsa ba."

"Ba mai amsawa yanzu. Sai an kira."

"To in an kira ɗin, ba sai na bar wa mutum wurin amsawa ba?"

Ya goge, suka sake. Ta sake yin shirun. Ya yi lallashi har ya gaji, ya ƙyale ta. Haka muryar ta zauna a kaset: sallama, shiru, ina gajiya, shiru, ya mutan gida, shiru. Sai can ƙarshe take cewa ta ɗan fita, a faɗi saƙo za ta isar in Allah ya so.

Wanda ya fara faɗa wa tarkon nan yayanta Dogo ne. Ya shigo Tsafe cin kasuwa, ya biya wani shago mai tarho don ya gaida ta. Ya amsa sallama, ya amsa gajiya, ya fara ba ta labarin gero, sai ya ji ta katse shi da tambayar mutan gida. Ya amsa, ya koma kan geron, sai ya ji ta ce ta fita. Kashegari da hantsi sai ga shi a Gusau da sandarsa, fuska a murtuke.

"Saude, lahiyarki kuwa? Ina miki magana kina bi ta kaina, kuma ki ce mini ba ki nan alhali ga muryarki ina ji."

Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo fura, sannan ta danna maɓallin da Bashar ya nuna mata. Sai ga muryar Dogo ta cika falon tana cewa, "Ke Saude, kin kurumce ne?" Ya ajiye ludayi, ya matso kusa da akwatin.

"Ashe haka muryata take? Kamar ta Baba."

Ya ce a sake kunnawa. Suka saurara tare, suna dariya har Inna na share ido, don gaskiya ne, muryar mahaifinsu ce sak. Daga ranar duk shigowarsa Tsafe sai ya kira. In ya tarar da akwatin ne ya fi sakin jiki, ya ba shi labarin damina da na saniyar da ta haihu, ya ce shi wannan bayan ƙara ba ya katse mutum.

Inna ta fara fita. Ta je biki Bungudu ta wuni, har ta tsaya aka watse. In ta dawo ta ga jar fitilar tana ƙyaftawa, sai ta zauna ita kaɗai ta saurara, don ta ce saƙon mutum ba na taro ba ne, sannan ta bi gida-gida ta isar. In an ɗauke wuta akwatin ba ya aiki, ranar sai ta haƙura da fitar.

Wata rana Huseina ta yi rashin lafiya, Inna ta tafi Bungudu tun da safe, ba ta dawo ba sai bayan la'asar. Ta kunna akwatin tun ba ta cire mayafi ba. Muryar wani mutum ce daga Funtuwa, ya amsa gaisuwar a gaggauce, ya ce a gaya wa ƙanwarsa Bara'atu mahaifiyarsu ta cika da asuba, za a kai ta bayan azahar, in da hali ta taho. Bara'atu maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba su.

Inna ta kashe akwatin. Sannan ta tashi ta shiga gidan. Ta tarar da Bara'atu na tankaɗe. Ta karɓi rariyar ta ajiye gefe, ta zaunar da ita, ta riƙe hannunta ta faɗa mata. Bayan kukan ya lafa ta ce, "Da ina gida da kin same ta ba a fita da ita ba. Ki yafe mini."

Bara'atu ta girgiza kai. "Inna, ke ma jinya kika tahi. Allah bai nufa in gan ta ba." Ta ce dai tana so ta ji muryar yayan nata da kunnenta. Suka dawo falon tare, Inna ta kunna mata.

Makonni bayan nan Inna ba ta leƙa ko bakin titi ba. Ta ce da Bashar ya cire abinsa. Bara'atu ce, da ta dawo daga zaman makoki, ta shigo ta ce ba za a cire ba, a nuna mata inda ake dannawa kawai. Inna ta nuna mata, ta kuma kwance makullin falon daga bakin zaninta ta miƙa mata. Tun daga nan in Inna ta yi tafiya, Bara'atu ke leƙowa tana duba fitilar.

Shekarun da suka biyo baya su ne Inna ke cewa ta fi jin daɗinsu. Da kaka takan tafi 'Yandoto ta yi sati, ta taya matan Dogo sussuka, ta dawo da gyaɗa da ɗanyar kuɓewa. Ta ga auren 'ya'yan Huseina daga kamu har buɗar kai.

Sai wayar hannu ta shigo gari. Kira ya fara raguwa, yau ɗaya, gobe babu. Wata safiya ta ɗaga tarhon ta ji shiru, aka ce layin ya lalace, ba a kuma zo gyara ba. Bashar ya saya mata ƙaramar waya, wadda har yanzu take ƙullewa a gefen mayafi. Akwatin ya daɗe a saman kabad, har wata shekara da rufin ya yi yoyo ruwa ya shige shi, aka ba masu sayen tsofaffin ƙarafa.

Yanzu Inna ta tsufa, gwiwa ta hana ta matsar mai. Dogo ya rasu, hanyar 'Yandoto kuma ba ta biyuwa yadda aka saba. Da hantsi Bara'atu kan shigo da tiren gyaɗa, su zauna a inuwar darbejiya suna ɓara. Kwanan baya na tarar da su suna gardama kan shekarar da Bashar ya kawo akwatin. Inna ta ce shekarar da aka yi ambaliya ce, Bara'atu ta ce a'a, lokacin tana goyon Zuwaira. Suka ce in raba musu, na ce ban riƙe ba. Inna ta turo mini tiren, ta ce to in zauna in taya su ɓara.