Tashar Baba a Kan Tsohon Ƙyaure

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, na ɗauko shi daga Kurfi na dawo da shi gidana a Dutsin-Ma, saboda asibiti ya fi kusa da ni. Ni malamin sakandare ne, ina koyar da zane da aikin hannu. Da safe in yi masa wanka, in gyara masa zama, in tafi aji, in dawo in tarar da shi yadda na bar shi, yana kallon bango. Da rana maiɗakina ke fama da shi, ga ɗinkin mutane da ke jiranta. Kafin wata uku duk mun rame.

Baba ya yi ƙuruciyarsa da tsufansa a aikin reluwe a Funtua. Aikinsa shantin, wato rarraba taragu da jera su, a ware na nan, a haɗa na can, kafin jirgi ya tashi. Mu a Kurfi muka girma wajen Inna, sai ya samu hutu muke ganinsa. Bai taɓa ba mu labarin aikin ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Ma'aikaciyar da ke gasa masa jiki a asibiti ta ce a riƙa ba hannun daman da ya shanye abin yi. Ta ba mu wata ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Baba ya dube ta ya ce, “Ni ba jariri ba ne.” Ƙwallon ta ƙare a ƙarƙashin gado.

Wata ranar Asabar na shiga da kunu na same shi yana tura kwalayen maganinsa a kan faranti da hannun hagu. Ya tura ɗaya gaba, ya dawo da shi, ya karkatar da shi gefe. Na ce, “Baba, me ake yi?”

Bakinsa a karkace yake, sai na matso sosai nake jin maganarsa. Ya ce, “Wannan taragon na Ƙaura ne. A ajiye shi, na gyaɗa ya wuce.”

Na taɓa gani a waya yadda wasu ke gina 'yar tashar jirgi a kan tebur a cikin ɗaki. Na aiki wani abokin aikina da zai je Kano, ya samo mini jirgin wasa a gwanjo: kan jirgi da injinsa ya mutu, taragu uku, da layin dogo na roba mai zagaye. Na haɗa shi a tabarma ina jin daɗi. Baba ya kalla ya kawar da kai.

“Wannan sai zagaye. Ina mararraba? Ina za ka ajiye tarago?”

Daga nan aiki ya faɗo mini. Na samo kwali na zana layuka, na kai masa. Ya bi zanen da yatsa ya tsaya a ƙarshe. “Kan jirgi ya shiga nan da tarago biyu, ina wurin da zai ja da baya? Ka toshe shi.” Na sake wani. Ya ce layukan ajiyar sun matse, mutum ba zai iya tsayawa tsakaninsu ba. Na ce babu mutumin da zai tsaya, ai tsawon tafin hannu ne taragon. Ya dai ture kwalin. A zane na huɗu muka daidaita: babban layi ɗaya, gajerun layuka uku da suka balle daga jikinsa, da wutsiya, wato ɗan layin ja da baya, mai ɗaukar kan jirgi da taragu biyu.

Akwai tsohon ƙyauren ɗakin girki da muka cire, shi na ɗora a kan benci biyu a ɗakin Baba. Dogon na yi shi da ragowar alminiyon da masu haɗa tagogi ke zubarwa. Katakon da ake shimfiɗa dogo a kai kuwa, tsinken tsire ne na yayyanka da reza, na liƙa ɗaya bayan ɗaya da gam har yatsuna suka yi kanta. Na je bakin dam ɗin Zobe a babur na ɗebo tsakuwa ƙanana a leda, na tankaɗe da rariyar maiɗakina. Ƙarin taragu biyu na gwangwanin kifi ne. Ƙafafunsu bobin ne na keken ɗinki, ɗan ƙarfen nan da ake naɗa zare, na goge gefe ɗaya da fayil na gogar ƙarfe.

Ranar da maiɗakina ta nemi bobin ɗinta ta rasa, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Malam, ni fa ban gane ba. Jinya muke yi ko wasan yara?”

Na ce mata ni ma ban sani ba. Gaskiya na faɗa.

Mararrabar ce ta sha mini kai. Wani siririn ƙarfe ne kamar harshe, idan ka tura shi sai ya manne da wannan dogon ko wancan, tarago ya bi inda aka buɗe masa. Nawa harshen ba ya mannewa sosai. Tarago ya zo sai ya hau kansa ya kife. Wata biyu ina kansa, kullum bayan la'asar, ga takardun jarrabawa jibge ban duba ba, ga bayana yana ciwo saboda sunkuyo. Nakan goge, in lanƙwasa, in gwada, tarago ya bi sau uku lafiya, a na huɗu ya faɗi.

Wata ranar na gaji na ce ya isa haka, idan ya faɗi sai a ɗaga shi da hannu a mayar. Baba ya ce a'a, a gyara. Ban san lokacin da muryata ta ɗaga ba.

“Haba Baba! Gwangwanin kifi ne fa. Wa zai mutu?”

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Na fara tattara kayan aikin. Sai ya ce in zauna.

Ya ɗauki lokaci kafin ya gama, don kalmomin suna maƙale masa. Ya ce akwai wani abokin aikinsa, mutumin Tamawa, ɗakinsu ɗaya, tukunyarsu ɗaya. Wata ranar da hantsi ana shantin, shi Baba ya ja ƙarfen mararraba, ya ji kamar bai zauna daidai ba, amma rana ta yi zafi, ga yunwa, ya ce ai zai wuce. Taragon ya bi layin da ba nasa ba, abokin kuma yana tsaye a can yana haɗa wasu taragu biyu. Ya rayu, amma ba ƙafa ɗaya. An yi bincike aka ce laifin ƙarfe ne.

“Ƙarfen yana da laifi,” in ji Baba. “Amma na ji a hannuna.”

Na ba shi haƙuri, ya ɗaga hannun hagu alamar ya wuce. Washegari na fasa biro uku na cire 'yan sifirin ɗin ciki, naɗaɗɗiyar wayar nan da ke mayar da bakin biro, na ɗaura wa kowane harshe ɗaya. Da ka tura shi sai ka ji ƙas, ya manne.

Mun gama ana saura kaɗan ruwa ya sauka. Baba yakan ɗora hannun daman a kan jirgin, ya tura shi da na hagu. Ni ke juya mararraba, shi ke ba da umarni: a fitar da jan tarago, a kai na gwangwani layi na uku, a dawo. Idan na yi kuskure sai ya yi tsaki. Wani jerin yakan ci mana rabin sa'a. Ban ce hannun ya warke ba. Yatsu biyu sun ɗan motsa, ya iya riƙe carbi, iyakarta ke nan.

Mako biyar ko shida muka yi haka. Da damina ta kankama, ƙyauren ya sha danshi ya bankare, dogon ya ɗaga a tsakiya. Na ce zan gyara, na yi ta cewa zan gyara. Shi ma bai matsa ba. Hankalinsa ya koma gona, kullum tambayarsa ko an yi noman farko, ko gero ya tsaya. Daga ƙarshe ya ce shi dai a mayar da shi gida.

Yayana ya zo da motar haya. Muna ɗora Baba na ce zan nemi a-kori-kura in kawo masa tashar. Ya girgiza kai ya ce, “Bar ta nan. Na gaji da aiki.”

Motar ta tashi wajen ƙarfe goma. Maiɗakina ta cire zanen gadon ta jiƙa a baho, ta koma kan kekenta. Ni kuma na shiga ɗakin da niyyar sharewa, na zauna a bakin katifar, barci ya ɗauke ni ban cire ko takalmi ba. Kiran sallar la'asar ne ya tashe ni. Na miƙe a firgice ina laluben faranti, a zatona lokacin magani ya wuce.