Ranar da Na Kai Cuku Kasuwar Arlit

Har in bar aikin nan ba zan manta da ranar da na fara sayar da cuku a kasuwar Arlit ba. Ku sababbin shiga da kuke jin ana tsokanata da "mai cuku", ga asalin zancen.

A 2021, shekarar da aka rufe ramin ma'adinai na Akokan, ina animatar a ƙungiyarmu, wato mai zagaya unguwanni yana rubuta sunaye idan za a yi rabon tallafi. Masu ba mu kuɗi suka fara janye hannu. Shugabarmu, Madam Rakiya, ta kira ni biro, wato ofishinta, ta ce, "Malam Isufu, daga ƙarshen wata ba mai biyan malamar ajin karatun matan Akokan. Za mu riƙa sayo cuku wajen matan makiyaya na Dannet muna sayarwa, ribar ta riƙe ajin. In kayan farko ba su shiga ba, sai mu rufe."

Na bugi ƙirji na ce ƙaramin aiki ne. Ni da ko ashana ban taɓa sayarwa ba!

Da safe na saka rigar aiki mai tambarin ƙungiya, na loda kwalayen cuku a farar motarmu, har da takardar sunaye a hammata saboda sabo. Madam ta haɗa ni da Hajiya Zuwaira, wata dattijuwar Damagaram daga cikin ɗaliban ajin, wadda ta daɗe tana kasuwanci. Tun a mota take harara ta, ban gane dalili ba.

Muna tsayawa, kafin in sauke kwali na biyu, layi ya miƙe har rumfar masu nama. Kowa da katinsa na karɓar tallafi a hannu. Shekara da shekaru mutanen garin nan sun san in farar mota ta tsaya, rabo ne. Na ɗaga murya na ce na sayarwa ne, aka fashe da dariya, wata ta ce, "Kai dai Malam Isufu da barkwanci!" Wallahi kunya ta kama ni. Na ga fuskokin da na sani, hannuna ya tafi cikin kwali da kansa, har na miƙa wa wata tsohuwa guda biyu.

Hajiya ta buge min hannu. "Ɗana, ajinmu kake rabarwa? Tuɓe rigar nan. Kai direba, tafi da motarka inda ba za a gan ta ba."

Ta shimfiɗa tabarma, ta jera cuku, ta zaunar da ni a gefe kamar wanda ya yi laifi a makaranta. Layi ya watse, wasu na guna-guni. Muka yi kusan awa guda ba wanda ya taya. Can direbobin manyan motocin Assamakka suka fara tsayawa neman guzuri, Hajiya na ciniki da su ba sassauci. Kafin la'asar saura kwali guda.

Sai ga tsohuwar nan ta dawo. Ta kwance bakin zanenta ta fito da kuɗi, ta ɗaga cuku ɗaya ta duba, ta shinshina, ta ajiye. "Wannan bai bushe ba, canza min. Ku faɗa wa mutanen Dannet su daina gaggawa."

Ba a rufe ajin ba, har yau ana karatu. Amma maganar tsohuwar ce ta tsaya min a rai. Na yi shekaru ina miƙa mata kaya, kullum sai godiya da sunkuyar da kai, ban taɓa sanin ko suna yi mata ba. Ranar da ta biya da kuɗinta ce ta fara kallona ido da ido ta faɗa min gaskiya.